Tsugunon Shekarau

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kumburin ciki."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To, ku matso. Kai Lawandi, yar da ƙashin nan, tun la'asar kake gwaguyarsa.

Wani manomi ne sunansa Shekarau. Ba ruwansa da kowa, aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa "na ƙoshi" ba. Yana neman wata bazawara, Hansai, ita ma tana sonsa. Sai ubanta, Baba Tunau, tsoho mai son girma, ya aiko ya ce bayan Babbar Sallah Shekarau ya zo gaisuwa. In ya ga ladabi ya ba shi, in bai gani ba akwai wani mai nema.

Sai Sallah ta zo. Shekarau ya fara da hanta, ya bi da tumbi, ya hau soye, ya sauka kan ganda. Ya kora da zoɓo, ya ƙara da kunun aya. Ya ci na gidansu, ya ci na maƙwabta. Ranar gaisuwa ya wayi gari ciki kamar tulu, gyatsa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, mazagin wando ya ƙi haɗuwa. Ya gwada tsugunawa, sai ya ji zai fashe. Ku kuwa kun san ba a gai da suruki a tsaye. Sai hankalinsa ya tashi.

Sai ya tafi wurin goggonsa. Ya ce, "Goggo, ki cece ni, cikina zai raba ni da Hansai."

Ta ce, "Jar kanwa zan jiƙa maka. Amma ka shigo gidana da Sallah ka fita ba ka taɓa naman layyata ba? Me na yi maka?"

Sai ta dire masa akushi. Ya ce, "To, ɗan kaɗan." Ya share shi tas, ya sha kanwa. Ciki ya ƙara tashi.

Sai ya tafi wurin Jatau wanzami. Ya ce, "Jatau, ka cece ni, cikina zai raba ni da Hansai."

Jatau ya ce, "Filasko zan ba ka, ya wanke ka sarai. Amma maganina ba ya aiki sai a kan maiƙo."

Ƙarya yake yi, ƙafar ragonsa ce ta fara wari yake neman mai ɗauke masa. Shekarau ya ce, "To, ɗan kaɗan." Ya tsotse har ɓargo, ya sha filasko. Ciki ya fara kuka.

Sai ya tafi wurin Malam Anaruwa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a cece ni."

Malam ya wanke masa rubutu a ƙatuwar ƙwarya. Ya ce, "Kafin ka sha, ga dambun nama. Ba a mai da albarka baya." Shekarau ya buɗe baki zai ce ɗan kaɗan, sai ya ga ya riga ya cinye. Ya ɗaga ƙwarya ya shanye. Oh ni, wannan bawa!

Sai ya ja ciki zuwa zauren Baba Tunau. Ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya dafa bango, da ƙyar da jiɓin goshi ya tsuguna. Tsugunawarsa ke da wuya sai kanwa da filasko da rubutu suka haɗu suka kama kokawa. Shekarau ya san in ya motsa ko da yatsa ne, abin da zai fita ba zai tsaya a tusa ba. Ku yi dariya, shi dai ba dariya yake yi ba.

Baba Tunau ya ce, "Tashi ka hau tabarma."

Ya ce, "A'a Baba, nan ma ya isa."

Aka jima ya ce, "Haba, tashi mana."

"Ku bar ni a nan, Baba."

Aka kawo akushin nama aka ajiye a gabansa. Ƙauri ya buge shi, sai ya kau da kai, idonsa ya kawo ruwa. Baba Tunau ya ce, "Bismillah."

Ya ce, "Wallahi tallahi Baba, ni da nama ko ganinsa ba na son yi."

Sai tsoho ya riƙe baki. Ya ce, "Ikon Allah! A wannan zamani? Ya ƙi tabarma, ya ƙi nama. Na ba ka Hansai."

Tsoho yana shiga gida ya kai albishir, sai Shekarau ya rarrafa ya fita, ya nufi bayan gari a guje. Ba a gan shi ba sai magariba. Ya kwana biyu a kwance yana shan ruwan tsamiya da kunu tsararo, har mazagi ya haɗu. Aka ɗaura aure.

Ashe Baba Tunau ya gama zaga gari yana yabo: "Surukina ba ya cin nama, a gabana ya rantse." Sai Hansai ta riƙa tsame nama kafin ta zuba masa miya. Mahauta suka daina yi masa tayi. In Shekarau ya ce zai faɗi gaskiya, sai ya faɗi abin da ya hana shi tashi a zaure, shi kuwa ya gwammace mutuwa.

Wata Sallar ta zagayo. Aka taru a zauren Baba Tunau, aka dire akushi, soye yana ƙyalli. Shekarau lafiya lau, ciki ba kome, an miƙa masa ƙoƙon kunu. Ya dubi nama, ya dubi kunu, sai hawaye sharr.

Baba Tunau ya daka wa 'ya'yansa tsawa: "Ku ba ku da tausayi ne? Ku ɗauke akushin nan daga gabansa! Ba ku ga har kuka yake sa shi ba?"

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya ƙoshi ya koma rami. Wanda ya kasa ce wa cikinsa ya isa, wata rana wasu za su faɗa masa, kuma ba zai ji daɗi ba. Ku tashi ku ba ni wuri, gyatsarku ta ishe ni.