Kura da Kujerar Zaki

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Zaki zai yi tafiya, sai ya bar wa Kura ajiyar kujerarsa ta itace. Kura ta hau tana tsalle, ƙafa ɗaya ta karye. Ta ruga gun Dila, ya buga ƙusa, kujera ta koma daidai.

Kura ta ce, "Ashe itace ba ya mutuwa!"

Washegari ta samo cinyar akuya, ga shi babu makamashi. Ta cusa kujerar a wuta, ta gasa namanta, ta lashe baki. Sannan ta kwaso tokar a ƙwarya, ta ce, "Malam Dila, a sake gyarawa."

Dila ya ce, "Kura, itacen da ya karye itace ne har gobe. Wanda wuta ta cinye kuwa, sai dai ki tace tokarsa ki zuba a miya."

Kura ta ce baƙin ciki ne kawai. Ta kwaɓa tokar da ruwa, ta gina kujera, ta shanya.

Zaki ya dawo ya zauna, tim! Sai ga shi a ƙasa, gindi fari fat. Ya kai mata duka a ƙugu.

Shi ya sa har yau bayan Kura a sauke yake, tana tafe kamar mai neman wurin zama.

Ƙurunƙus kan kusu, wanda ya ƙona kujera ya zauna a ƙasa.