Dusar Ƙanƙarar da Ta Riga Lokacinta

Ku gyara zama, yau sai kun yi gardama kafin ku tashi.

A zamanin fatake, Madugu Jatau ya ɗauki jar fata daga Kano zuwa birnin Fas, can bayan Sahara, tare da 'ya'yansa uku: Tunau, Arzika da Shekarau. Tsufa ya kama shi, amma taurin kai bai sake shi ba. Da suka isa gindin wani dogon dutse, mutanen wurin suka ce su hau hankali kwance, lokacin dusar ƙanƙara da saura.

Tunau, babbansu, bai taɓa ganin dusar ba, amma a gida shi ke faɗa wa manoma ranar shuka. Ya ga iska ta juya, tsuntsaye suna gangarowa kwari, tsohuwar karayar ƙafarsa kuma ta fara zugi. Ya ce, "Baba, ruwa na tafe, kuma ba irin namu ba ne. A sama zai riske mu." Tsohon ya ce, "Kai baƙo, za ka fi 'yan gari sani?" Ya sa aka ɗaura kaya.

Arzika bai yi musu da kowa ba. Ya yarda da maganar wansa, ya zare wuƙa ya yayyanka fatun da suka ƙetare Sahara dominsu, ya ɗinka wa kowa riga da huffi. Uban ya zage shi tas, ya ce ya kashe musu fatauci.

Ai kuwa suna tsakiyar hawa sama ta rufe. Dusar ƙanƙara ta yi ta zuba kamar ana tankaɗe gari, kuma ba don fatun nan ba, da sanyi ya gama da su a wurin. Hanya ta ɓace, tsohon ya yanke jiki ya faɗi. Shekarau, wanda ake wa ba'a wai ba shi da komai sai ƙarfi, ya goya uban, ya saki linzamin alfadarin da suka saya a gindin dutsen, ya riƙe wutsiyarsa, tunda alfadarin ne ya san hanya. Haka suka bi shi har wani ƙauye. Sanyi dai ya cinye wa Shekarau yatsun ƙafa. Wallahi yaran nan suna burge ni.

Da Jatau ya farfaɗo, ya warware rawaninsa, ya ce shi da jan ayari har abada. Ya dubi 'ya'yansa yana hawaye, ya rasa kan da zai naɗa wa.

To, ku faɗa mini: wanda ya hango, wanda ya yarda ya yanka dukiya, ko wanda ya goya? Wa ya cancanci rawanin nan?