Mai Walda da Akwatinsa Biyu

An yi wani mutum a nan Sabha, mai walda, yana da 'yar rumfar aiki a unguwar Mahdiya. Sunansa bai cancanci a ambata a wannan zama ba. Sana'arsa ƙera akwatin bayan babur, wanda ake zuba kaya a ciki, wanda aka goya kuma ya jingina da shi.

Ya 'yan uwa, kun san yadda ake zaɓen wannan akwati. Ba fenti ake dubawa ba. Ana ƙwanƙwasa ƙarfen a ji kaurinsa, a leƙa ƙasa a ga noti huɗu, sannan mutum ya hau ya jingina da dukkan nauyinsa. Ran wanda ke baya a kan akwatin nan yake.

Mutumin nan ya san haka sarai. Sai ya ƙera na gaske guda ɗaya, mai kauri, ya ajiye a bakin ƙofa. Idan mai saye ya zo, sai ya hau kansa ya yi tsalle sau uku, ya ce, "Wallahi ko raƙumi ya jingina ba zai motsa ba." Daga nan ya tura shi shan shayi a tsallaken titi. Kafin ya dawo ya ɗaura masa wani mai fenti iri ɗaya, wanda ya yanko daga jikin tsohon firji. Noti biyu na gaske ne. Sauran biyun kawunansu kawai ya liƙa da walda, babu komai a ƙarƙashi. An ce idan rana ta buɗe, akwatunan nan har warin tsohon kifi suke yi.

Wani Jibirin, mai aikin lambu a ƙauyen Samnu, ya saya. Bayan mako guda ya dawo, ya kira shi yadda ake kiran gwanin sana'a a nan, ya ce, "Usta, akwatin nan kuka yake yi."

Mutumin ya ce, "Kai da ka tashi a bayan jaki, me ka sani a ƙarfe? Hanya ce ke kuka. Matsa mini!"

Ana nan sai mahaifin mai waldan ya zo daga Tanout. Tsoho ne, hannunsa na rawa. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a Samnu, ya shuka dabino guda da hannunsa, yana so ya gan shi kafin ya mutu. A masallaci ya haɗu da Jibirin, suka shirya tafiya.

Da hantsi Jibirin ya tsaya da babur a ƙofar rumfa. Mutumin yana tsaye a kan akwatinsa na gaske, masu saye uku suna kallonsa. Ya ga ubansa yana hawa baya. Ya ga akwatin, ya kuma gane shi.

Me ya hana shi magana, ya 'yan uwa? Da ya ce, "Baba, sauko," da shi ke nan. Amma idan ya faɗa, mutum ukun nan za su tambayi dalili, kafin azahar Mahdiya duka ta ji. Sai ya ce a ransa, tsoho ba shi da nauyi, kwalta kuma shimfiɗe take.

Ya ce, "Baba, ka riƙe rigarsa da kyau."

Tsoho ya yi dariya. "Hannun nan ya daina riƙo. Wannan ba aikinka ba ne? Da shi zan jingina."

Jibirin ya dube shi, ya jira. Mutumin ya kau da kai, ya yi tsallensa sau uku.

Sun fita gari kaɗan suka faɗa wani rami. Jibirin ya ji babur ya yi sakayau. Ya waiwaya, sai ga tsoho kwance a kwalta, ƙeyarsa a fashe. Akwatin kuwa yana zaune daram a tsakiyar hanya, murfi a buɗe, buhun da tsoho ya ɗauko don zuba dabino yana ciki a naɗe.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Jibirin ya kife akwatin a gaban jama'a. Ya sa makullin babur ya ɓantare kan noti ɗaya, ya ɓantare na biyu, ya zuba su a tafin hannun mutumin. Ya ce, "Ga hanyar da ke kuka."

Ba wanda ya dake shi. Ba kuma wanda ya yi masa ta'aziyya. Mutane suka tashi, kowa ya je ya leƙa ƙarƙashin babur ɗinsa.

Rumfa ta mutu, hankalinsa ya bi ta. Yau yana yawo a Mahdiya da akwatin gaske a ka. Sai ya sauke shi a gaban mutane, ya yi tsalle sau uku, ya ce, "Ku jingina, wallahi ba zai motsa ba." Yanzu gaskiya yake faɗa, amma wa zai jingina?

Kai mai sana'a da ke rantsuwa da Allah a kan abin da ka san ruɓaɓɓe ne, kana tsammanin baƙo kaɗai zai hau? Kai da kake ganin halaka ka yi shiru don kare sunanka, wane suna ya rage wa wannan? Ha'inci ba ya zaɓen bayan da zai karya.

Allah ya kiyaye mu daga rantsuwar ƙarya, ya buɗe bakinmu a lokacin da shiru yake kisa. Amin.