Manomin da Ya Sare Gawo a Gonar Ubansa

Akwai wani mutum, ɗan manomi, wanda kawunsa ya ɗauke shi tun yana ɗan shekara biyar ya tafi da shi kurmi. Can ya girma yana aiki a gonakin goro da rogo. Can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Ya iya noman kurmi sarai. A kurmi in ruwan sama ya ɗauke, ba ya daɗewa sai ya dawo. Itatuwa suna tsere da juna zuwa sama don neman rana, ƙarƙashinsu kuwa duhu ne. Aikin farko na manomi a can shi ne ya kayar da itace, domin rana ta sauko a kan shukarsa. Itacen da ba shi da ganye da damina kuwa, kowa a can ya san matacce ne.

Ana nan sai ubansa ya rasu. Aka aika masa cewa gonar gado tana jiransa. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya koma garinsu a arewa. Da ɗan abin da ya rage a hannunsa ya sayi awaki huɗu. Ba shi da wata madogara sai gonar nan da awakin nan. In sun ciyar da gidansa, ya zauna a ƙasar ubansa. In ba su ciyar ba, sai ya koma ƙasar wasu ya ci gaba da ƙodago.

Ya iso ruwa ya riga ya sauka sau uku. Ya tafi duba gonar. Jigawa ce, farin yashi, ba irin baƙar ƙasar da ya saba ba. Kukar da ke bakin hanya ta yi ganye. Tsamiya ta yi ganye. Har ƙananan ƙayoyi sun yi kore. Amma a tsakiyar gonar akwai manyan itatuwa bakwai, farare, tsirara, ba ko ganye ɗaya a jikinsu.

Gonar da ke iyaka da tasa ta gwaggonsa ce, ƙanwar ubansa, wata tsohuwa gwauruwa da ake kira Gwaggo Kyauta. Ya same ta tana shuka.

Bayan sun gaisa ya ce, “Gwaggo, ashe Baba ya daɗe ba shi da ƙarfi.”

Ta ce, “Wa ya faɗa maka?”

Ya ce, “Gona ta faɗa mini. Matattun itatuwa har bakwai, ba wanda ya kayar.”

Tsohuwar ta miƙe, ta dafa ƙugu, ta dubi itatuwan. Ta ce, “Gawo ne. Bar su.”

“Ko mene ne sunansu, sun mutu.”

“Barci suke yi.”

Mutumin ya yi dariya. Ya ce, “Barci da damina? Gwaggo, shekara talatin na yi a cikin itatuwa.”

Ta ce, “Itatuwan wasu, ɗan kurmi. Ka zauna da waɗannan shekara ɗaya tukuna, ka ga raninsu. In har yanzu ba su yi maka ba, ni zan ara maka gatari.”

Ta sunkuya ta ci gaba da shukarta.

Mutumin bai jira ba. Ya kira masassaƙa, ya ce su kayar da itatuwan su ɗauki icen, su dai share masa gona. Da na farko ya faɗi, babban masassaƙin ya taɓa saran da hannu, ya ce, “Maigida, wannan fa ɗanye ne.”

Mutumin ya ce, “Yana kan hanyar mutuwa. Ciwo ne a cikinsa. Na ga irinsa a gonar goro.”

Masassaƙa suna son icen turmi, saboda haka suka ci gaba da sara. Suka kayar da shida. Na bakwai yana can gefe, kusa da iyaka, a kansa kuma akwai amyar da tsohuwar ta ɗora tun zamanin ɗan'uwanta. Sara biyu aka yi, ƙudan zuma suka fito. Masassaƙa suka zubar da gatura suka ranta a na kare. Ba wanda ya yarda ya koma. Haka na bakwai ya tsira.

A shekarar nan gero ya yi kyau. Mutumin ya cika rumbunsa. Ya ɗauki zangarniya mafi tsawo ya kai wa gwaggonsa, ya ce, “Kin ga abin da gero yake yi in ya sami rana?”

Ta juya zangarniyar a hannunta, ta mayar masa. Ta ce, “Takin ubanka kake ci. Ci a hankali.”

Ruwa ya ɗauke. Ciyawa ta bushe. Kuka ta zubar da ganye, sauran itatuwa suka bi ta. Wata safiya matarsa ta dawo daga ɗebo kara, ta ajiye kayanta, ta ce, “Maigida, zo ka ga mataccenka.”

Ya je. Gawon na bakwai ya yi ganye shar, ya yi inuwa mai duhu a tsakiyar farin fili. Ya ɗaga ido ya dubi gonakin maƙwabta. Duk inda gawo yake, haka yake. Ya tsaya ya daɗe. Sa'an nan ya koma gida.

Rani ya yi nisa, bazara ta shigo da zafinta. Harawa ta ƙare. A lokacin nan ne gawo yake zubar da 'ya'yansa, da su ne dabbobin ƙasar suke ƙetare yunwa har ruwa ya sauka. Maƙwabta suna tsince 'ya'yan gawonsu a buhu suna kai wa awakinsu. Shi kuwa itace ɗaya gare shi, kafin ya iso dabbobin gari sun riga shi. Shanun makiyaya sukan kwanta da rana a inuwar gawon mutane, su tashi su bar musu taki. Gonarsa fili ce fetal, ba abin da zai tsayar da saniya.

Awakinsa suka rame. Babbar cikinsu ta kwanta da ciki, ba ta tashi ba. Wata kuma ya kai ta kasuwa kafin ta bi sahu. Suka rage biyu.

Damina ta biyu ta zo. Gawon ya zubar da ganyensa duka a ƙasa, ya koma tsirara. Mutumin ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, bai rage kome ba. Amma geron da ke ƙarƙashin gawon ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo. Sauran gonar kuwa ta yi ja, kara siriri, zangarniya kamar yatsa. Daga bakin hanya ma ana ganin inda ƙarfin itacen ya tsaya. Da aka yi girbi, rumbu bai kai rabi ba.

Matarsa ta leƙa rumbun, ta ce, “Wannan ba zai kai mu bazara ba.”

Ya ce, “Na sani. Zan koma kurmi. In na sami wuri sai in aiko ku zo.”

Ya tafi wurin gwaggonsa domin ya yi mata sallama. Ta saurare shi har ya gama. Sa'an nan ta ɗauki sandarta ta ce, “Mu je gonar.”

Suka tsaya a gindin gawon. Ta buga ƙasa da sanda, ta ce, “Mutane suna cewa gawo ya ƙi ruwan Allah. Bai ƙi ba. Saiwarsa tana can ƙasa, inda ruwa yake ko da rani. Da damina sai ya janye, ya bar wa gero rana, ya ba shi ganyensa ya ci. Da rani, sa'ad da kowa ya gaza, shi ne yake tashi. Nan ba kurmi ba ne. Nan rana ba nemanta ake yi ba, tsira ake yi daga gare ta. Ka je tafkin bayan gari yanzu, ka haƙa busasshiyar laka, za ka sami kifin nan gaiwa a naɗe a ciki tana jiran ruwa. Ita ma sai ka ce ta mutu.”

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na yi ɓarna, Gwaggo.”

Ta ce, “Ka yi.”

Ta ja shi zuwa wani kututture daga cikin waɗanda aka sare. A gefensa akwai 'yan ƙananan rassa masu ƙaya, sun fito daga saiwa. Ta nuna da sanda.

“Wannan sau nawa ka sare shi?”

“Kowane noma. Na ɗauka ƙaya ce kawai.”

“Ga shi kuma ya sake fitowa. Ya fi ka haƙuri.”

Ya durƙusa ya taɓa tohon. Ya ce, “Yaushe zai yi inuwa?”

Ta ce, “Ni ba zan gani ba. Kai ma sai da furfura.”

“Kafin nan me 'ya'yana za su ci?”

Tsohuwar ta ce, “Rumbuna yana nan. Ciki ɗaya gare ni. Awakinka biyu su zo su ci a gindin gawona. Kashinsu dai kai za ka kwashe ka kai gonarka, ba zan ɗaukar maka ba.”

Mutumin bai koma kurmi ba. Ya bi kututturan ɗaya ɗaya. Inda ya ga toho, sai ya zaɓi mai ƙarfi guda ya bari, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Huɗu suka rayu. Ya yi shekaru yana cin tuwon ƙaranci kafin gonar ta dawo hayyacinta. Sauran kututture biyun kuwa ba su sake fitowa ba har abada.

To, ga ma'anar wannan misali.

Ubangiji Allah bai yi ƙasa iri ɗaya ba. Ya yi kurmi, ya yi jigawa, ya yi fadama, ya yi hamada. Kowane wuri ya sa masa abin da zai iya zama a cikinsa, ya kuma ba abin nan dabarar zama. Ya ba raƙumi faffaɗan tafi saboda yashi. Ya ba agwagwa ƙafar iyo. Ba wanda ya ba shi shawara. In ka ga halitta tana yin abin da ba ka gane ba, ba ita ce ta yi kuskure ba. Kai ne baƙo.

Gonar nan ita ce jama'ar Allah. Manomin kuwa ni ne, kai ne, duk wanda ya ɗauki mudun wurin da ya saba ya zo yana awon mutane da shi. Mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Abin da ya sani gaskiya ne, amma gaskiyar kurmi ce. Laifinsa shi ne an ce masa ya jira shekara ɗaya, ya ƙi.

A cikinmu akwai gawo. Ranar bikin godiya ba za ka ji muryarsa ba. Ba ya tashi ya ba da shaida. In an ce ya yi addu'a, kalma biyar ce ya ce amin. Waƙa ma leɓe kawai yake motsawa. Sai mu masu ganye mu dube shi mu ce bangaskiyarsa ta mutu. Mu daina sa shi a shawara, mu daina gaishe shi da kyau, mu yi maganarsa a bayan ido. Wannan sara ne, ko da ba a ga gatari ba.

Amma bari ciwo ya kwantar da kai wata uku, masu zuwa dubiya su gaji. Bari a yi mutuwa a gidanka, a share makoki, kowa ya watse. Ka lura da wanda zai shigo ya zauna a kan tabarma, ba magana, ya tashi ya nome maka gona. Sau da yawa shi ne. Saiwarsa tana wurin da idonka bai kai ba. Allah ne ya san zurfinta.

Ku matasa da kuka je birni kuka ga yadda ake sujada a can, kun ga abu mai kyau. Ku kawo. Amma kafin ku ce wani abu na nan ya mutu, ku zauna da shi damina da rani. Ku tambayi wanda ya riga ku.

Kai kuma da aka raina domin ba ka da ganye a lokacin da kowa yake da shi, kada ka yi fushi ka bar gonar. Wanda ya dasa ka ya san lokacinka.

Akwai gafara ga wanda ya yi ɓarna ya tuba. Allah yakan sa toho ya fito daga inda muka sare. Amma ku ji da kyau, ba duka ne suke fitowa ba. Akwai mutanen da muka kora da bakinmu, har yau ba su sake taka ƙofar ɗakin sujadan nan ba. Kun san su, na san su.

Yau in an tashi, kada kowa ya yi saurin neman takalminsa. Juya ka dubi benci na baya. Wanda ka daɗe ba ka miƙa wa hannu ba yana zaune a can. Je ka gaishe shi, ka kira sunansa.