Wasiyyar Alhassan da Rantsuwar Ƙanensa

An yi wani mutum a nan Madarunfa, ba zan kama sunansa ba, don yana da 'ya'ya a raye. Direba ne mai kamiyo, wato babbar motar kaya, nasa na kansa. Yana kai wa 'yan kasuwa wake da gyaɗa kasuwannin bakin iyaka, ya komo da kayan Najeriya. Shekara ashirin yana wannan aiki, ba a taɓa cewa buhu ɗaya ya ɓata a hannunsa ba. Mutum zai loda mashi kaya ya koma gida hankali kwance, ba takarda, ba shaida. Maganarsa ita ce jarinsa.

Yana da wa, manomi, sunansa Alhassan. Matar Alhassan ta riga shi rasuwa, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ɗiya biyu: Firdausi tana aure a Safo, Hadiza a Maraɗi. Akwai kuma Maryama, wadda ba shi ya haife ta ba. Ɗiyar abokinsa ce, mutumin Gabi, wanda ya tafi ci-rani ya mutu a can. Alhassan ya ɗauko ta tana shekara uku, ya raine ta, ya aurar da ita. Da mijinta ya rasu ta komo gidan da yara biyu. Lokacin da ciwo ya kwantar da Alhassan shekara guda da rabi, ita ce mai juya shi, ita ce mai wanke mashi tufafi, ita ce mai dama mashi kunu.

Alhassan ya san ɗiyar riƙo ba ta da gado. Don haka wata rana bayan la'asar ya sa aka kira liman, Malam Ilyasu, da tsohon abokinsa Ɗan Baba, da kuma ƙanen nan nasa. Ya ce masu, "Garkata ta bakin tabki na bar wa Maryama. Ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na mallaka ba. Ku shaida." Malam ya rubuta da ajami, kowa ya dangwala yatsa. Alhassan ya miƙa wa ƙanensa takardar, ya ce, "Kai za ka riƙe. Hannunka ya fi na kowa."

Alhassan ya rasu bayan kaka. Ba a yi wata biyu ba Malam Ilyasu ma ya bi shi.

Ya 'yan uwa, Shaiɗan ba ya zuwa wa mutum da ƙara. Wata safiya mutumin nan ya bi ta garkar. Ya ga rijiya, ya ga zogale ya yi kore shar, ya ga albasa da itatuwan mangwaro. Sai zuciya ta fara raya mashi: liman ya mutu, Ɗan Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, takarda kuma tana aljihuna. In garkar ta shiga cikin gado, ɗiyan Yaya za su ɗauki gida da gonaki, ni in ɗauke ta a rabona. Ya koma gida, ya tarar da garwashin shayi bai mutu ba. Ya sa takardar a ciki, ya tsaya har ta zama toka.

Ranar rabon gado a gaban mai gari, Ɗan Baba ya ta da maganar wasiyya. Mutumin ya dube shi ya ce, "Wace wasiyya? Tsufa ne ke ba ka labari." Shaida ɗaya ba ta isa ba, kuma wa zai ƙaryata mutumin da duk gari ya san shi da amana? Aka ba shi garka. Maryama ta kwashe kayan ban-ruwanta ta fita, ta koma yi wa mutane surfe don yaranta su ci.

Firdausi ta taso daga Safo ta same shi a zaure, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka san maganar nan gaskiya ce. Ka ji tsoron Allah, ka mayar mata." Ya ce, "Ni za ki koya wa tsoron Allah? A wuyana na goya ki." Ta tashi ta tafi, don kunyar ƙanen ubanta.

Ɗan Baba kuwa bai haƙura ba. Ya dogara sandarsa ya raka Maryama gidan shari'a, aka aiko wa mutumin sammaci.

Alƙali yana zaune da malamai biyu masu taya shi duba sha'anin gado. Ya bayyana masu ƙa'ida dalla-dalla: mai cewa an yi wasiyya shi ne zai kawo hujja. Za a duba ko mamacin yana cikin hankalinsa, ko abin ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ko wanda aka bar wa magaji ne, sannan su wa suka shaida. Maƙwabta suka zo suka ce Alhassan da hankalinsa garau ya mutu. Aka auna garka da sauran dukiya, aka ga ba ta wuce iyaka ba. Saura shaida.

A zama na biyu, Sadiƙ, babban ɗan Malam Ilyasu, ya zo da wata takarda da ya tarar a gafakar mahaifinsa. Ashe al'adar Malam ce duk abin da ya rubuta wa mutane sai ya ajiye irinsa a wurinsa. Ga maganar garka, ga sunayen shaidu, amma babu yatsan kowa a jiki. Malaman nan biyu suka gwada ta da sauran rubuce-rubucen marigayin, suka ce hannunsa ne. Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa na iya kwaikwayon rubutun mamaci."

Alƙali ya ce, "Za ka rantse ba ka halarci wannan wasiyya ba?"

Ya 'yan uwa, nan ga ƙofar tuba a buɗe. Me zai rage shi da ya ce na yi kuskure? Amma sai ya dubi jama'ar da ke zaune, ya ji kunyarsu fiye da yadda ya ji kunyar Mahaliccinsa. Ya fita ya yi alwala, ya komo ya dafa Alƙur'ani, ya rantse.

A nan Firdausi ta kasa daurewa. Ta miƙe ta nemi izini, ta ajiye telefon ɗinta a gaban alƙali. Ranar da aka yi wasiyyar, mutumin ya aika mata saƙon murya daga tasha, ya kuma manta da shi sarai. Aka kunna: "Firdausi, Babanku ne. Yau Yaya ya yi wasiyya gaban Malam, garkar bakin tabki ta Maryama ce. Takarda na wurina. Ki shaida wa Hadiza."

Alƙali ya ce, "Muryar wa ce wannan?" Mutumin ya ce, "Tawa ce."

Aka tabbatar da wasiyya, aka mayar wa Maryama garkarta. Da aka tambaye ta ko tana neman a hukunta shi, ta ce ƙanen wanda ya raine ta ne, ba za ta so ganinsa a gidan kaso ba.

Bai shiga kaso ba, amma kafin sati labari ya kai kowace kasuwa. Wanda ya ƙone takardar wansa ya dafa Alƙur'ani, wa zai ba shi buhu ɗari ba shaida? Ba wanda ya zage shi. Ana gaisawa da shi, ana ba wani lodi. Kamiyo ya yi wata uku a tsaye. Daga baya ya fara ɗaukar kayan baƙi waɗanda sauran direbobi suka ƙi taɓawa, ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashin buhuna. A tafiya ta huɗu 'yan duwan, masu binciken kaya a bakin iyaka, suka tsare motar, suka sami haramtattun ƙwayoyi a ciki. Masu kaya suka ɓace, mota ta tafi, gonakinsa suka ƙare wajen shari'a. Aka ɗaure shi, da ya fito daga kaso bai iya zaman gari ba. Ya tsallaka iyaka, yana dako a wata tasha da furfurarsa. A can ya mutu cikin mutanen da ba su san sunan ubansa ba, sai bayan kwana tara labari ya iso gida. Bai taɓa zuwa ya ce wa Maryama ta yafe mashi ba.

Ya 'yan uwa, wasiyya amana ce daga wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Wanda ya ji ta ya ɓoye, ko ya canja, zunubin yana wuyansa. In kana riƙe da takardar mamaci, fito da ita yau. In ka ci haƙƙin mai rauni, mayar tun ƙafarka tana kai ka ƙofarsa. A duniya muryarsa kaɗai aka kunna mashi. Gobe hannu da ƙafa da fata duk za su yi magana, kuma babu ɗage zama.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar matattu da rantsuwar ƙarya. Allah ya ba mu ikon tuba kafin a rufe bakinmu. Amin.