Tuƙaƙƙiyar Igiyar Idrisu

Akwai wani Idrisu, lebura a kamfanin jima a Challawa, wajen shekarar 2005. In ya tashi aiki sai ya shiga kogi kamun kifi da ɗan jirginsa na roba, mara nauyi, wanda mutum ɗaya ke saɓawa a kafaɗa.

A kogin akwai Ashafa, mai ƙaton kwale-kwalen katako da girman kai. Kullum sai ya bi ta kan fatsar Idrisu da gangan, zaren ya tsinke, kifi ya tafi. Ya juyo yana dariya: "Malam, ɗauke bahon wankanka, manya za su wuce!"

Abin ya ci Idrisu. Ya je kasuwa ya sayo igiyar fatsa irin tuƙaƙƙiyar nan, siririya, wadda ko haƙori ba ya yanka ta.

Matarsa Atika ta ce, "Maigida, wannan ta kifi ce?"

"Ta Ashafa ce. Yau sai ya sha ruwan Challawa."

"Ku kai shi gun Sarkin Ruwa mana."

"Ƙara? Ni? Allah ya kiyaye."

Da la'asar ya ɗaure bakin igiyar a kututture a wancan ƙetaren, ya nutsar da ita, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa na dama, ya laɓe cikin ciyawa a jirginsa. Nufinsa in Ashafa ya iso ya ja, kwale-kwalen ya kife.

Ashafa ya taho da gudun ruwa. Idrisu ya ja iya ƙarfinsa.

To, katako ba roba ba ne. Kwale-kwalen ko gezau, ya tafi da igiyar. Da tsohon zaren ne, da ya tsinke an huta. Wannan kuwa ta ƙi. Ta fizge ɗan jirgin ya kife, ta nutse cikin yatsun Idrisu har ƙashi.

Ashafa ne ya cafko shi daga ruwa ta wuyan riga. "Fito, mugu! Ba ka mutuwa a nan a ce ni ne."

Yatsu biyu aka yanke a asibiti. Kamfani suka ce inji ba ya son guntun hannu, suka sallame shi. Ashafa kuwa, da Sarkin Ruwa ya ji tushen maganar, ya hana shi kogin damina guda. Shi ma ya ɗanɗana.

Darasi: In an zalunce ka, kai ƙara inda ake kaiwa. Fushi ba ya duba wa ya fi wa nauyi. Ku tura wa masu zafin kai na gidajenku, tun yatsunsu na cike.