Muryar Motar Tasi'u

Ku bar musun ƙwallon nan tukuna, ga wanda ya fi shi wuyar yankewa. Ni ma na binne ɗa, shi ya sa labarin nan ya zauna mini a kai.

A Funtuwa akwai wani dattijo, Malam Barau, tela ne har idonsa ya gaza. Autansa Tasi'u yana da wata 'yar jar mota, kuma yana cikin samarin nan masu wasan mota in ana kai amarya. Ya sa aka yanke tukunyar salansa mai rage ƙarar mota, aka jona faffaɗan bututu, har ta kai in motar ta taso daga bakin kasuwa unguwa duka ta sani. Maƙwabta suna tsaki, uban ya yi faɗa har ya gaji. Uwarsa Inna Laraba kuwa, da ƙarar take sanin ɗanta ya kusa gida.

Zazzaɓi ya kwantar da Tasi'u, bai tashi ba.

Ba a daɗe da watsewar 'yan zaman makoki ba ciwon ƙodar Inna Laraba ya tsananta. Likita ya ce sai an riƙa kai ta Zariya wankin ƙoda duk mako, ba fashi. Ba ta iya zaman motar haya, a kishingiɗe take tafiya, don haka aka fito da motar marigayi. A waje ƙara ce kawai. A ciki kuwa, da an hau babban titi an daidaita gudu, sai wani gurnani mai nauyi ya cika motar, ba ya hawa ba ya sauka, yana danna kunne da ƙirji. Kafin su kai garin Giwa Inna ta yi amai, kanta kamar zai tsage. A asibiti aka tarar jininta ya hau, da ƙyar aka yi mata wankin, aka kuma ja kunnen Malam Barau kada ya sake kawo ta a haka.

Sai ya yi abin da kowa zai yi: ya kai wa bakanike, aka ɗaura salansa irin ta kowa. Motar ta dawo shiru, har ta tsaya a ƙofar gida Inna Laraba ba ta ji ba.

Da aka gaya mata ta ce, "Malam, wa ya ce ka taɓa masa murya?"

Ya ce, "Laraba, ƙarfe ne fa."

"To ɗauki ƙarfenka. Kowa sau ɗaya ake binne shi, ɗana kuwa kai ka yi masa biyu."

Ta ƙi shiga. Ranar asibiti ta wuce, ƙafafunta suka fara kumbura. In an mayar da ƙarar, hanya za ta kashe ta; in an bar shirun, zaman gida zai kashe ta.

Malam Barau ya kira abokan Tasi'u uku: Hambali direba, Mudi mai walda, da Nafi'u mai sayar da shayi. Ya ce motar gadonsa ce shi da matarsa, kuma duk wanda ya sa Laraba ta shiga ta isa Zariya lafiya, ya bar masa motar, muddin zai riƙa kai ta asibitin. Aka mayar da tsohon bututun, suka fara.

Hambali bai kama sitiyari ba. Ya ba wani, shi ya kwanta a kujerar baya yadda Inna ke kwanciya, aka yi ta safa da marwa da shi a titin Zariya. A kwancen ya gano cewa a gudu guda gurnanin yake, wanda ake daidaitawa a doguwar hanya; in an ƙara ko an rage sai ya ɓace. Ya kuma shimfiɗa tafin hannu a ƙasan motar ya ji tana kakkarwa: ashe robobin da ke rataye bututun sun tsinke tuni, Tasi'u ya ɗaure shi da waya, ƙarfe yana gugar ƙarfe. Har yau kunnensa na hagu bai koma daidai ba.

Mudi ya rufe rumfarsa, ya sallami masu jiran aiki. Ya sa sababbin robobi. Bai toshe bututun ba, don toshewa za ta kashe muryar. Sai ya jona masa wani reshe a gefe, rufaffe a ƙarshe, wanda zai haɗiye gurnanin ya bar sauran ƙarar ta wuce. In reshen ya yi tsawo, banza. In ya gajarce, banza. Haka ya yi ta yankewa kaɗan-kaɗan yana sake liƙewa, Hambali na kwance a baya yana cewa da saura, har gurnanin ya kwanta. Amma taɓe-taɓen ya sauya ƙarar waje, kuma su ukun suka kasa yarda da juna a kan yadda take a da.

Nafi'u bai san komai game da ƙarfe ba. Ya shiga wurin tsohuwar, bai ko ambaci asibiti ba. Ya durƙusa ya ce, "Inna, muryar ta ɓace mana. Mu da muke zama a ciki ba mu riƙe ta ba. Ke ce mai jin ta daga nesa." Sai ta miƙa masa hannu. Shi ya tallafe ta zuwa zaure ya jingina ta da filo. Motar ta riƙa tasowa daga bakin kasuwa, ita tana saurare ido rufe, Mudi yana sauya bakin bututu.

Ta ce, "Wannan ai babur ne."

Aka sake.

"Mudi, mura ka sa masa?"

Aka sake, aka sake, Nafi'u yana yi mata fifita, yana hana ta komawa ɗaki in ta gaji. Can motar ta taso da muryar da Inna ta sani, har ta tsaya a ƙofar gida. Sai ta buɗe ido ta ce, "Nafi'u, miƙo mini mayafina."

Barci ta yi har Zariya. Tana nan da ranta, ana kai ta.

Malam Barau kuwa ya zauna da makulli guda a hannu. Da Hambali bai kwanta ya gano inda ciwon yake ba, da Mudi yanka kawai zai yi ta yi a makance. Da ba hannun Mudi, da sanin Hambali ya tsaya a baki. Da Nafi'u bai fito da ita zaure ba, da an gyara motar da ba mai shiga. Kuma ba wanda ya ce a ba shi; kowa in an tambaye shi sai ya sunkuyar da kai.

To, ku da kuka iya musu, wa Malam Barau zai miƙa wa makullin nan?